Take mai fitowa harafi-harafi: inda na kai a koyo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa bidiyo. A 'yan kwanakin nan abu ɗaya na sa a gaba, wato yadda ake sa take ya riƙa bayyana a allo harafi bayan harafi, kamar ana buga shi da tafireta. Da manhajar After Effects na fi yin aikin, sai kuma na ɗan leƙa Fusion da ke cikin manhajar DaVinci Resolve don in kwatanta.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne gane cewa haruffan nan duk suna wurinsu tun daga firem na farko, wato hoton farko a jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Ɓoye su ake yi, sannan a riƙa yaye musu mayafi ɗaya bayan ɗaya. Idan mutum ya riƙe wannan, sauran maɓallan duk za su zauna masa.

Ga yadda nake yi a After Effects. Bayan na rubuta taken, sai in buɗe leyar rubutun, in danna Animate, in zaɓi Opacity, in mayar da shi sifili. Nan take rubutun zai ɓace gaba ɗaya. Kada wannan ya tsorata ku. Manhajar ta ƙirƙiro wani abu mai suna Range Selector, wanda aikinsa shi ne nuna waɗanne haruffa ne ɓoyon ya shafa, kuma a farko ya rufe su daga kashi 0 zuwa kashi 100. To, sai in kafa kifirem, wato alamar da ke riƙe lambar saiti a wani takamaiman lokaci, a kan Start yana kashi 0, in matsa gaba a layin lokaci, in kai shi kashi 100. Iyakar ɓoyon ce ke tafiya daga hagu zuwa dama, duk harafin da ta wuce sai ya fito. Kifirem biyu kacal, aiki ya tashi. Wannan tsari ya daɗe, tun After Effects 6 na shekarar 2003 yake nan, shi ya sa ko darasin da ya tsufa kuka samu zai yi muku amfani.

Akwai shiryayyen salo mai suna Typewriter a cikin Effects & Presets, jawo shi kawai za ka yi ka ɗora. Ban hana kowa ba, amma ina ganin gara ka gina naka ko sau ɗaya ne, domin ranar da aka ce ka canja wani abu za ka san inda za ka taɓa.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙarƙashin Advanced, a cikin Range Selector. Smoothness yana zuwa a kashi 100, ma'ana kowane harafi zai taso a hankali daga duhu. In kana son ya faɗo tsaf kamar bugun tafireta, mayar da shi sifili. Ku lura, wannan maɓalli yana aiki ne idan Shape yana kan Square. Sai Units: in ka juya shi daga Percentage zuwa Index, maimakon kashi cikin ɗari sai ka riƙa ƙirga haruffa kai tsaye, ka ce a wannan firem ina son harafi na tara. Sai Based On, inda za ka zaɓi ko a lissafa sararin da ke tsakanin kalmomi ko a tsallake shi. Ni barin sa nake yi a lissafa. Ɗan jinkirin da yake kawowa tsakanin kalma da kalma yana sa ido ya huta, ga shi kuma haka mai bugawa na gaskiya yake yi.

Akwai hanya ta biyu, ta amfani da ɗan layin umarni a kan Source Text, wanda ke yanko haruffan farko gwargwadon lambar da ka ba wani maɓallin sauya lamba mai suna Slider Control. Amfaninta shi ne kana iya liƙa ɗan sandan nan mai ƙiftawa a ƙarshen rubutu, ya riƙa bin harafin ƙarshe. Sai dai a nan haruffan ƙaruwa suke yi da gaske, ba ɓoye suke ba. Don haka idan rubutun a tsakiya aka daidaita shi, duk harafin da ya shigo sai layin ya gusa, taken ya yi ta rawa. Daidaita shi daga hagu shi ne maganin.

A Fusion abin ya ma fi sauƙi. Kayan aikin Text+ yana da Write On, ka sa wa ƙarshensa kifirem daga 0 zuwa 1, shi ke nan. In kana son kowane harafi ya yi nasa motsin, sai ka danna dama a akwatin rubutun ka ƙara Follower, ka saita Delay, wato yawan firem tsakanin harafi da mai bi masa. Tun fitowar Resolve 15 a 2018 Fusion ke cikinsa, har a sigar kyauta, don haka wanda bai da After Effects ba a bar shi a baya ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk maɓallan nan muhimmanci: sauri. A firem 25 cikin daƙiƙa, take mai haruffa 20 da aka ba kowane harafi firem 2 zai ɗauki firem 40, wato daƙiƙa 1.6. Wannan ya yi wa gajeren take daidai. Amma jimla mai haruffa 80 a wannan saurin za ta ci fiye da daƙiƙa 6, mai kallo kuwa ya riga ya cinko ƙarshen maganar yana jiran allo. Dogon rubutu gara a fito da shi kalma-kalma. Sannan gudu iri ɗaya daga farko har ƙarshe yana sa abin ya yi kama da na'ura. Ina ƙara kifirem biyu masu lamba ɗaya bayan waƙafi, rubutun ya tsaya na firem 6 ko 8, sannan ya ci gaba. Kuma ba na sa Easy Ease, mai sa motsi ya fara ya kuma ƙare a hankali, a salon tafireta, don yana jan haruffan farko da na ƙarshe su yi nawa. Bayan harafin ƙarshe ya fito, a bar taken a allo har mutum ya iya karanta shi a bayyane ba tare da gaggawa ba.

Wani abu da ya shafe mu masu rubuta take da Hausa: ba kowane salon haruffa ne ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. A rubutu tsayayye ana iya kau da kai, amma idan haruffa na fitowa ɗaiɗai, ƙ da ta zo da wata siffa daban ko akwati fanko za ta tsone ido nan take. Noto Sans yana da su duka. Ku tuna kuma manhaja tana ɗaukar "sh" da "ts" a matsayin haruffa biyu, haka ma alamar da ke gaban 'y tana cin nata firem ɗin.

Abin da ke gabana yanzu shi ne haɗa Position da Blur a kan wannan tsarin, in sa Shape a Ramp Up, in motsa Offset daga -100 zuwa 100, haruffan su riƙa tasowa daga ƙasa a jere. Bayan nan sai sautin bugu, wanda nake so ya sauka daidai kan kowane harafi.