Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Aka Yi wa Autana Aiki

Makon jiya na tsaya inda autana ya dawo daga lakwal yana riƙe da cibiya. Shekararsa 9 lokacin, muna zaune a Bilbis, cikin Tahoua.

Inna, uwar mijina, ta ce shawara ce, ta haɗa jiƙon sabara. Ni ma ban musa ba, wa ya isa? Kafin la'asar ta washegari ciwon ya bar cibiya ya sauka ƙasan ciki, gefen dama. Ga amai, ga zazzaɓi, yaro ya naɗe ƙafar dama ya ƙi miƙe ta. Da muka hau kabu-kabu, kowane rami muka faɗa sai ya ƙwalla ƙara.

Lokotoro ya danna wurin a hankali, ya saki hannu farat ɗaya. Yaro ya zabura.

"Hajiya, apandisit ne, wani ɗan guntun hanji ne ya kumbura. Yau za a yi aiki."

Bayan sallar asuba ya kira ni, ya nuna mini ɗan guntun hanjin da suka yanke, bai wuce ɗan yatsana ba. A cikinsa ga wasu fararen tsutsotsi sirara kamar zare, tsawon kowace bai fi santimita 1 ba. Ya ce yawanci busasshen kashi ko kumburi ne ke toshe wurin, ba kasafai tsutsa ke jawo haka ba, wani lokaci ma ana tarar da ita ne kawai a ciki. Sai ya tambaye ni ko yaron yana sosa duburarsa da dare.

Nan jikina ya yi sanyi. Wata nawa yana wannan susa, ina shafa masa man kaɗanya ina cewa ɗankanoma ne! Ashe da dare macen tsutsar ke fitowa ta zuba ƙwai a bakin dubura, yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a farce, ya koma baki.

Aka rubuta mana albendazole, duk gidan mu sha, a maimaita bayan mako 2, a yanke farce, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi. Kowa ya haɗiye nasa sai Inna. Ta juya ƙwayar a tafin hannu ta ce, "Ke ɗiyar nan, ni za a ce ma mai tsutsa?"

Yadda muka ƙare da ita, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.