Laraba: Agogon Baƙuwa Ya Tsaya a Litinin

Gobe Alhamis kasuwar Maigatari, shi ya sa tun bayan sallar asuba manoma suka fara sauke buhunan riɗi a ƙofar rumbun ƙungiyarmu. Ni ke rubuta rasit. Na buga guda huɗu, sai kawuna ya dawo riƙe da nasa, ya ce, "Ɗana, yau Litinin ce?" Na ce, "A'a Kawu, Laraba ce." Ya miƙo mini takardar. Kwanan watan shekaranjiya ne a kai, ƙarfe 5 da minti 40 na yamma.

Gabana ya faɗi. Farashin riɗi yana motsi tsakanin kwana biyu, kuma da kwanan da ke kan rasit ake biyan mutum. Wanda ya sha rana a gona tun damina bai kamata takarda ta cuce shi ba.

Manhajar lissafinmu tsohuwa ce, a Windows 7 kawai take aiki, kwamfutata kuwa wani tsarin daban ne a kanta, mai suna Ubuntu. Don haka na ajiye Windows ɗin a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, kamar baƙuwa a ɗakin mai masauki. Ranar Litinin batirin sola ya yi ƙasa, maimakon in kashe baƙuwar sai na daskarar da ita yadda take. Da na tashe ta yau, ta ci gaba da ƙirga daga inda ta tsaya. Ita a wurinta babu daren da ya wuce, domin Windows tana duba agogon na'ura ne lokacin da aka kunna ta, daga nan sai ta riƙa ƙirga da kanta.

Na ba mutane haƙuri, na koma rubutun hannu har azahar. Bayan sallah na zauna na sa wa baƙuwar Guest Additions, wani ƙari na VirtualBox wanda ban taɓa sakawa ba. Shi ne ke leƙa agogon mai masauki duk bayan daƙiƙa 10. In tazarar kaɗan ce, a hankali yake jan agogon baƙuwa har su daidaita. In ta haura minti 20, sai ya tsallakar da shi kai tsaye. Wannan lallabar ta burge ni, don agogon da ke tsalle baya yana iya sa rasit na biyu ya riga na farko.

Kwanan wata ya gyaru, amma sai na ga agogonta yana baya da awa ɗaya cif. Nan na daɗe. Ashe an bar yankin lokacinta a na Landan, mu kuwa Najeriya muna gaban UTC, ma'aunin lokaci na duniya, da awa 1, kuma a wannan wata na Nuwamba Landan tana kan UTC. Na mayar da shi namu. Na kuma kashe wa baƙuwar neman lokaci daga intanet, kada masu gyara biyu su riƙa jan agogo ɗaya.

Sauran mai masaukin kansa. Na ɗauki kwamfutar zuwa gindin kukar da sabis ya fi kamawa, na jona ta da wayata, ta karɓi lokaci ta NTP, hanyar daidaita agogo ta intanet.

Kafin magariba na sake buga rasit huɗun nan, na bi gida gida na karɓo tsofaffin. Kawu ya sa jikansa ya karanta masa kwanan watan sau biyu, sannan ya ninke takardar ya cusa a cikin hularsa.