Yashin da ya cinye mini fiye da wata guda a aji biyar

Shekara biyar ake yi a karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma huɗun farko sun wuce mini kamar yadda suke wuce wa kowa a Samaru, da karatun dare, da lissafin aji biyu mai kayar da mutane, da awon fili a tsakar rana, da horon sanin makamar aiki na wata shida da ake kira SIWES a aji huɗu. Babu wanda a cikinsu ya hana ni barci kamar yadda yashi ya yi, yashin da na saya da kuɗina a bakin hanya don aikin binciken kammala karatu, kuma har yau idan na ga an jibge irinsa a ƙofar wani gini sai raina ya sosu.

Binciken nawa a kan tokar ɓuntun shinkafa ne. Idan aka ƙona ɓuntun a zafin da ya dace, wajen digiri 600 zuwa 700, tokar da ke fita tana ɗauke da sinadarin silika mai yawa, wanda yake haɗuwa da farar ƙasar da siminti ke saki yayin da yake kamawa, ya ƙara wa kankare ƙarfi a hankali. Aikina shi ne in rage siminti da kashi 10, da 20, da 30 cikin ɗari, in cike gurbin da toka, sannan in gwada ƙarfin kowanne da na kankaren da ba a sa masa toka ba. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni, idan ya karkace to duk sauran alƙaluman ba su da abin da za a auna su da shi. Tun da farko hankalina gaba ɗaya yana kan toka: inda zan samo ɓuntu mai tsabta, yadda zan ƙona shi kada ya fito baƙi da gawayi, yadda zan tankaɗe shi. Siminti na sayi sabon buhu mai lambar ƙarfi 42.5, tsakuwa kuwa na zaɓa da idona. Yashi ne kaɗai na ɗauka a matsayin abin da ba ya bukatar tunani. Mai sayarwar ya rantse mini cewa na rafi ne, na kankare ba na filasta ba, na damƙa na ji yana da kaifi, aka loda mini a buhuna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na gwada yashin. Na busar da shi, na zuba a jerin rariya, na girgiza, na auna abin da ya tsaya a kowace, na zana jadawali, kuma layin ya faɗa inda ake so. Abin da ban kawo a raina ba shi ne laka idan ta bushe manne wa ƙwayoyin yashi take yi, ko ta dunƙule ta zama kamar su, saboda haka tankaɗe a bushe ba ya fallasa ta. Sai an wanke yashin da ruwa a kan rariya mafi ƙanƙantar ido, mai maikuron 75, sannan take fita. Takardata ta nuna yashi mai kyau, na liƙa ta a babi na uku ina alfahari.

Ranar kwaɓi na bi ƙa'ida, ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ruwa kuma rabin nauyin siminti. Kwaɓin ya fito da tauri, shebur ba ya shiga, da na cika mazurarin gwaji na ɗaga shi sai kankaren ya tsaya ƙyam bai ko sunkuya ba. Na ɗauka iskar hunturu ce ke shanye ruwan, domin a lokacin sanyin Zariya yana kan ganiyarsa, leɓe ma tsagewa yake yi. Na ƙara ruwa kaɗan, na sake ƙarawa, har kwaɓin ya yi laushin da za a iya aiki da shi. Na cika ƙirar ƙarfe mai milimita 150 hawa uku, kowane hawa na soke shi sau 35 da sandar ƙarfe, washegari na kwance su na jera a tankin ruwa. Sun fito sumul, gefunansu a miƙe, har wani abokina ya ce sai ka ce a kamfani aka yi su.

Gwajin kwana 7 ya fito ƙasa da yadda ya kamata. Kowa ya san a kwana 7 ana sa ran kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin kwana 28, nawa kuwa bai je ko kusa ba. Na ɗora laifin a kan sanyin ruwan tanki, domin gaskiya ne siminti yana jinkirin kamawa a cikin sanyi, na ce zai farfaɗo. A nan ne asarar ta ninku. Da a ranar na tsaya na binciki dalili, da mako ɗaya kawai na rasa, amma mutum idan ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa a abu yakan karɓi duk wani uzurin da zai ba shi damar ci gaba da fata.

A kwana na 28 muka sa dunƙulen ma'auni a injin matsa. Fuskarsa murabba'in milimita 22,500 ce, saboda haka don a samu Niyuton 20 a kowane murabba'in milimita dole allura ta kai kilo-Niyuton 450. Ta tashi a hankali, ta yi rawa tun ba ta kai 300 ba, sai ta koma baya. Kankaren ma bai yi ƙarar da mai ƙarfi yake yi ba, rugurgujewa kawai ya yi, tsakuwar ta fito ɗai-ɗai ba tare da ko ɗaya ta tsage ba. Na biyu da na uku duk haka. Na fara cewa wataƙila injin ne, sai dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda duk muke kira Baba, ya nuna mini cewa da safiyar nan aka matse na wasu kuma ya ba da abin da ya dace. Ya tsuguna ya ɗauki ɓarɓashin ya murza a yatsunsa.

"Ɗana, akwai ragowar yashin nan?"

Na ce, "Akwai, Baba."

Ya ɗebi tafi guda, ya yayyafa masa ruwa, ya murza tsakanin tafukansa, ya buɗe mini su. Sun rine jajawur. Sannan ya zuba yashin a kwalbar awo da ruwan gishiri, ya girgiza, ya ajiye a kan benci ya ce in dawo bayan awa uku. Da na dawo yashin ya kwanta a ƙasa, a kansa kuma ga laka ta yi shimfiɗa mai kaurin yatsa. "Injiniya," in ji shi, kuma na san ba don girmamawa ya faɗa ba, "ai ƙasar noma ka ba siminti ya riƙe maka."

Daga nan komai ya bayyana. Lakar ta lulluɓe ƙwayoyin yashi ta hana siminti kama su, kuma saboda laushinta ta sha ruwan kwaɓi, shi ne ya sa ya yi tauri, ni kuma na biya mata bukata da ƙarin ruwa. Tun 1918 Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda ruwa ya yi yawa a kan siminti, kuma na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki. Gwajin kwalbar nan ma mun yi shi a aji uku, sai dai mun yi shi ne da yashi mai tsabta don mu rubuta rahoto mu miƙa, bai zauna mini a kai a matsayin abin da zai iya ceton aikin wata guda ba.

Na je wurin malamin da ke duba aikina da 'yar dabara a raina. Na ce, "Ranka ya daɗe, tun da duk da yashi ɗaya aka yi su, ko za a iya kwatanta su a haka?" Ya ce a'a, domin ban auna ruwan da na ƙara wa kowane kwaɓi ba, saboda haka babu yadda za a yi a san ko toka ce ta kawo bambanci ko ruwa. A lokacin na ji haushinsa, amma gaskiyarsa ce. Na san akwai masu gyara alƙaluma a irin wannan hali, an ma ba ni shawarar haka a ɗakin kwana, sai dai mai jarrabawar da ya shekara yana fasa kankare ba ya rasa gane jadawalin da aka ƙirƙira a kan katifa.

Sai na koma farko. Sabon siminti, sabuwar tsakuwa, sabuwar ƙona ɓuntu, duk daga kuɗin abincina da abin da yayana ya turo bayan na yi masa bayanin da ban ji daɗin yi ba. Yashi kuwa na samo wani, na tafi wurin saye da kwalba a jaka, na gwada a gaban mai sayarwa yana kallona kamar wanda ya zautu, duk da haka da na kawo shi sai da na wanke shi a rabin durom har ruwan ya fito garau, na shanya. Wannan karon da ruwan da na lissafa kwaɓin ya yi daidai, ban ƙara ko ɗigo ba. Abokaina suna ɗaure littattafansu ni ina ƙirga kwanaki a bakin tanki, domin kwana 28 ba a rage shi da roƙo ko da kuɗi.

Ga wanda zai shiga aji biyar da aikin kankare, shawarata ita ce ya gwada yashinsa da ruwa kafin ya buɗe buhun siminti, kuma idan kwaɓi ya ƙi yin yadda lissafi ya ce, ya ajiye shebur ya nemi dalili, kada ya miƙa hannu ga bokiti. Ya ɗauki sakamakon kwana 7 da muhimmanci. Ya fara zuba kankarensa da wuri yadda ko ya lalace akwai sauran lokacin maimaitawa. Ya kuma riƙa nuna wa ma'aikatan ɗakin gwaji kayansa tun kafin ya fara, domin da na kai wa Baba tafi guda na yashin nan a ranar da na sayo shi, da minti biyu sun isa.

A zagaye na biyu ma'aunin ya haura kilo-Niyuton 450, mai toka kashi 10 ya biyo shi kurkusa, mai kashi 30 kuma ya faɗi ƙasa sosai. Amma ita toka a makare take nuna amfaninta, shi ya sa tun farko na tsara gwajin kwana 56, kuma shi ne lokaci ya hana ni yi. Ranar kare aiki, mai jarrabawar da ya zo daga waje ya buɗe babi na huɗu, ya duba jadawalin, tambayarsa ta farko ita ce me ya sa na tsaya a kwana 28 alhali ina bincike a kan toka. Na ba shi labarin yashin a taƙaice, ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Na fita tare da 'yan ajinmu, amma makin da na samu a aikin bai kai wanda na sa rai ba, kuma wannan tambayar nake zargi.