Idon Baba na hagu

Talata da dare.

Yau na raka Baba asibiti karɓar sakamakon hoton MRI da na ɗan naman da aka tsakura a gaban kunnensa. Wata 7 ke nan idonsa na hagu ba ya rufuwa duka. Da farko an ce mana shanyewar ɓarin fuska ce irin wadda aka saba gani, wadda takan fara sauƙi cikin mako 3, amma tasa kullum gaba take yi. Gira ce ta fara sauka, daga baya ruwa ya riƙa zubowa ta gefen bakinsa in yana sha, sannan ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo a kumatunsa.

Likita ta juyo mana da kwamfuta, ta bi wani farin zare da bakin biro daga gindin kunne zuwa ƙasan ƙoƙon kai. Ta ce sankara ce da ba a cika samu ba, adinoyid sistik kasinoma, wadda ta tsiro a inda jiki ke haɗa yawu, ta kama jijiya tana bi a hankali. Cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kowane ɓarin ƙwaƙwalwa, ta 7 ce ke rufe fatar ido, ta 5 kuma ita ke kai ji ga fuska har da ƙwayar idon. Sankarar ta cinye ta 7, ta fara taɓa ta 5. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne idon kansa lafiya lau yake, sai dai yana kwana a buɗe yana bushewa, kuma in jinsa ya ɗauke, ko miki ya fito Baba ba zai sani ba.

Za a yi tiyata, gashin sankara da hasken na'ura na kusan mako 6 ya biyo baya. Ta ce ana iya ɗinka ɗan zinare mai nauyin kamar giram 1 a fatar idon domin ya riƙa janyo ta ƙasa. A nan ne kawai Baba ya yi murmushi, da rabin fuska.

Ɗazu na sa masa man ido, na sauke fatar da yatsa, na manna filasta kamar yadda nas ta nuna mini. Hannuna na rawa, sai da na sake sau biyu.

"Kin ja da yawa, 'yata," in ji shi. "Sassauta kaɗan."