Jimla ɗaya a rahotona ta raba mutum biyu da aikinsu

Har yau ina iya karanto jimlar da ka, domin da hannuna na rubuta ta a shafi na uku na rahoton: "Da wannan gyara, sashen zai iya tafiya ba tare da masu jigilar kaya biyu ba." Lokacin da nake rubuta ta alfahari ne cike da raina. Bayan mako uku aka miƙa wa mutanen biyu takardar sallama, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne ya kawo shawarar da ta sa aka daina buƙatar aikinsa.

Ni ne mai kula da sashen zuba roba a masana'antarmu. Injuna shida ne, muna fitar da bokitai da robobin ajiya da murafensu. Kamfani ya tura mu huɗu horon kwana biyar kan tsarin rage ɓarna, wanda Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka gina a Toyota bayan yaƙin duniya na biyu, daga baya a 1988 wani mai bincike a Amurka, John Krafcik, ya raɗa masa suna "lin", wato marar kitse. An bi da mu ta kan ɓarna bakwai ɗin da kowa ya sani: yin kaya fiye da buƙata, jira, jigila, aikin da ya wuce kima, tara kaya, motsin banza, da kaya masu aibi. Na cika littafina da rubutu. Akwai wani zane da malamin ya nuna a rana ta farko, ginshiƙai biyu da Toyota ta ce a kansu take tsaye a takardar da ta fitar a 2001: ci gaba da gyara, da girmama mutane. Na kwafi na farkon dalla-dalla. Na biyun na ɗauke shi irin maganar da kamfanoni ke liƙawa a bango, ban ko ja masa layi ba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne labarin da'irar alli. An ce Ohno kan zana da'ira a ƙasa ya tsayar da injiniya a ciki, ya ce kada ya motsa sai ya ga abin da ke faruwa. Da na dawo sai na yi wa kaina haka a gaban inji na uku ranar canjin mazubi, wato ƙarfen da ake ɗaura wa inji ya fitar da siffar kaya. Shekarata bakwai a sashen, amma ban taɓa tsayawa na kalli canjin mazubi daga farko har ƙarshe ba. Awa uku da minti goma inji yana kashe. A cikinsu, abin da aka yi da hannu a jikin injin bai kai awa ɗaya ba. Sauran duk yawo ne: a je neman sufana mai lamba kaza, a tarar tana hannun makanike a wani sashe, a jira sarƙar ɗaga kaya, a kawo mazubin da sanyinsa, a zauna jiran ya ɗau zafi, a ɗaura tiyon ruwa a juye, a kwance a sake. Saboda canjin yana cin rabin yini, kowa gudunsa yake yi. In muka ɗora mazubin bokiti sai mu yi ta zuba na mako biyu, ko ana so ko ba a so, kaya su cika sito su yi ƙura, masu jigila biyu su yi ta kai wa da komowa da su.

Akwai dattijo a kan injin nan, ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba muke ce masa. Na nuna masa takardata na ce, "Baba, wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, ya ce a raba aikin gida biyu: wanda dole sai inji ya tsaya, da wanda za a iya yi inji yana gudu. Burinsa canji ya koma ƙasa da minti goma." Ya kalli takardar ya ce, "Oga, wannan ai mun daɗe da sani. Ba wanda ya taɓa tambayarmu ne." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a makonnin da suka biyo baya na ga gaskiyar haka da idona. Baba ne ya ce a riƙa ɗumama mazubi tun inji bai tsaya ba. Makanikenmu ya mayar da notinan ɗauri duka girma ɗaya, sufana ɗaya ta ishe su, ya shafa wa bakunan tiyo fenti, ja da shuɗi, yadda ba mai sake juya su. Muka haɗa ɗan keken kayan aiki, kowane abu da zanen gurbinsa. Muka tsara launuka daga mai haske zuwa mai duhu don rage robar da ake zubarwa wajen wanke cikin inji. Mutum biyu suka riƙa aiki lokaci guda, ɗaya gaba ɗaya baya. Cikin wata biyu muka sauko minti arba'in da biyar. Ba mu kai ga goman Shingo ba, amma ranar da agogon wayata ya nuna 45 sai da aka yi tafi a sashen.

Nan ne ƙaramin cikin masu jigilar ya same ni. Yaro ne mai kunya, ba ya cika magana a taro. Ya ce, "Oga, tunda yanzu kaɗan-kaɗan ake zubawa, me zai hana a kawo teburin ɗaure kaya nan gefen inji? Daga inji sai kwali, daga kwali sai bakin mota. Ba sai mun kai sito mun dawo da su ba." Na ji kamar in rungume shi. Cikin kwana biyu muka matsar da teburin, jigilar da ke cin yininsu ta ragu ta koma ta ɗan lokaci da safe. Na yaba masa a gaban kowa, na rubuta sunansa a allon shawarwari. Sannan na je ofis na rubuta waccan jimlar.

A zuciyata nufina shi ne mun sami hannu huɗu da za mu juya wani wuri. Amma ban rubuta haka ba, ban kuma tanadar musu wurin ba. Na rubuta abin da na san zai burge manya, domin a taron manaja abin da ake son ji shi ne nawa aka rage. Wanda ya karanta rahoton ya yi abin da rahoton ya nuna masa. Ina iya ɗora laifin a kan ofis, kuma suna da nasu kason, tunda ko kirana ba su yi ba kafin su yanke hukunci. Amma ni na san yaron, ni na san daga ina shawarar ta fito, ni na saka shi a takarda a matsayin ɓarna ta takwas.

Abin da ya biyo baya ba rigima ba ce. Da rigima ce da na fi samun sauƙi. Shiru ne. Allon shawarwarin da a da ba ya kwana biyu ba a liƙa masa sabuwar takarda ba, ya yi wata guda fayau. Taron minti goma da muke yi a tsaye kowace safiya ya koma ni kaɗai ke magana, sauran suna kallon takalmansu. Canjin mazubi ya fara komawa baya, daga minti 45 zuwa awa guda, zuwa awa da rabi, kuma ba wanda za ka kama da laifi, kowa yana aikinsa daidai, sai dai ba mai gaggawar taya wani. Mafi muni shi ne fitilar kira. Mun sanya ta ne a kan kowane inji bisa tsarin andon, domin duk wanda ya ga matsala ya kunna, a tsaya a gyara. Asalin tunanin tsoho ne, tun daga injin saƙar Sakichi Toyoda na 1924 da ke tsayawa da kansa in zare ya tsinke. To, aka daina kunna ta. Wani dare mazubin murfi ya fara fitar da kaya masu ɗan lanƙwasa a baki, mai injin ya gani ya yi shiru, aka ɗaure aka loda. Mai saye ya dawo mana da mota guda cur, murafen ba sa rufuwa. Asarar wannan mota ɗaya ta cinye abin da aka ce an yi tsimi na albashin mutum biyun na watanni.

Na je wurin Baba bayan an tashi. Na ce, "Baba, don Allah ka faɗa min gaskiya, me ya faru da mu?" Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma kafin ya ce, "Oga, kai ka ce mu nuna maka inda ɓarna take. Yaron nan ya nuna maka, ka ga inda ya kwana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa za ka yi. Yanzu in na koya wa inji yadda zai yi aiki ba ni, wa zai ci da iyalina?" Ban sami amsa ba. Na tsaya ina tuna tafin da aka yi ranar minti 45, da yadda na kira sunan yaron a gaban jama'a.

A daren na ɗauko littafin horona ina neman inda na yi sake, sai ga ginshiƙin nan na biyu da ban ja wa layi ba. Da na bi tarihin sai na ga ashe abin yana da tushe mai ɗaci. A 1950 Toyota ta shiga matsin kuɗi, aka rage ma'aikata sama da dubu, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, har wanda ya kafa kamfanin, Kiichiro Toyoda, ya sauka daga kujerarsa. Tsarin da muke kwaikwayo ya girma ne bayan wannan, a wurin da ma'aikaci ya amince cewa gyaran da ya kawo ba zai zama sanadin korarsa ba. Haka a 1984, da Toyota da General Motors suka buɗe masana'antar haɗin gwiwa ta NUMMI a Kalifoniya, yawancin ma'aikatan tsofaffin na General Motors ne da aka rufe masana'antarsu shekara biyu kafin nan saboda rashin inganci da rigingimu. Mutanen ba su canza ba, amma ingancin motocin ya tashi cikin ɗan lokaci, kuma cikin yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar ƙwadago akwai alƙawari mai ƙarfi kan tsaron aiki. Da kasuwa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1980, horo aka tura mutane maimakon sallama. Duk wannan malaminmu ya taɓo shi a gurguje. Ni dabaru na je nema, dabarun na ɗebo na dawo.

Har yanzu akwai abin da ke ba ni haushi game da irin wannan horo. Kwana huɗu da rabi ana koyar da kanban, wato katin da ke nuna kayan da za a yi da yawansu, da lissafin lokaci da tsaftace wurin aiki, rabin awa kacal a kan tambayar da ta fi kowace nauyi: in gyara ya 'yantar da mutum daga aiki, ina za a kai shi? Kuma masu ikon amsa tambayar ba su ne ke zaune a ajin ba. Mu ƙananan shugabanni ake turawa, masu sa hannu a takardar sallama suna ofis. Duk wanda za a tura irin wannan horo, ina roƙonsa kafin ya taɓa ko noti ɗaya ya sami manajansa ya karɓi amsar a rubuce, a karanta wa ma'aikata. In an ƙi ba shi, gara ya tsaya a gyaran da ba ya taɓa yawan mutane har sai an ba shi. Kuma wuraren da za a kai mutum ba su da wuyar samu in an nema tun da wuri: gurbin wanda ya yi ritaya, aikin da ake biyan ƙarin lokaci a kansa, aikin da ake ba 'yan kwangila, ko ƙungiyar gyaran ita kanta. A sashenmu a lokacin muna biyan ƙarin lokaci kusan kowane mako a wajen niƙa robar da ta lalace. Wurin yana nan a gabana, ban duba ba.

Na shiga ofishin manaja da takardu biyu, ta motar da aka dawo da ita da ta lokutan canjin mazubi na wata uku. Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton nan nawa ne, kuskuren ma nawa ne, amma ga abin da ya jawo mana." Ba a zama ɗaya aka gama ba, sai da na koma sau uku. A ƙarshe ya amince ya zo taron safe da kansa ya faɗa da bakinsa cewa ba wanda zai rasa aiki saboda shawarar gyara, aka kuma liƙa hakan a allo da sa hannunsa. An amince a dawo da mutanen biyu. Babban ya dawo, yanzu shi ke tura keken canjin mazubi, ya kuma ƙware a kai. Yaron mai shawarar na je har inda yake na ba shi haƙuri. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ya yafe, amma ya sami wani aikin kuma ba zai dawo ba. Ban matsa masa ba.

Sai da aka yi kusan wata biyar kafin aka sake liƙa takarda a allon shawarwari, kuma ba suna a jikinta. Rubutun Baba ne, na gane shi, amma ban ce komai ba. Shawara ce kan a ɗaga akwatin da murafe ke faɗawa, don mai inji ya daina sunkuyo sau ɗaruruwa a yini. Washegari kafin a fara aiki ni da makanike muka yi masa ƙafafu. Canjin mazubi yanzu yana tsakanin minti 35 da 40, fitilar kira tana kunnuwa sau da yawa a mako, kuma duk lokacin da na ga ta kama nakan ji sanyi a raina. Sunan yaron yana nan a saman allon inda na rubuta shi. An sha cewa a goge tunda ba ya nan, na ce a bar shi.