Kunna fitilar farko a kan STM32 da GCC, OpenOCD da GDB

Mai son rubuta manhaja ga cip ɗin STM32F103C8T6, wanda ke kan ɗan allon nan da ake kira Blue Pill, ba sai ya sayi lasisi ba. Kayan aiki uku sun ishe shi, kuma lambar manhajar (source code) kowannensu a buɗe take: arm-none-eabi-gcc mai harhaɗa lambar C, OpenOCD mai magana da cip ta na'urar ST-Link da ke haɗa kwamfuta da allon, sai GDB na farautar kuskure. Dominic Rath ne ya faro OpenOCD a 2005 a matsayin aikin kammala karatu a Augsburg ta Jamus, yanzu kuwa masu sa kai ne ke riƙe da shi.

Wayoyi huɗu za ka haɗa tsakanin ST-Link da allon: 3.3V, GND, SWDIO a ƙafar PA13, SWCLK a PA14. Kada su yi tsawo. Daga nan ka buga:

openocd -f interface/stlink.cfg -f target/stm32f1x.cfg

In ya kama, zai jira GDB a ƙofar sadarwa (port) ta 3333. In a Linux ya ce ya kasa buɗe na'urar, yawanci izini ne: kwafi fayil ɗin 60-openocd.rules zuwa /etc/udev/rules.d, ka zare ST-Link ka mayar. In kuma ya yi ƙorafin yana jiran lambar shaidar cip 0x1ba01477 amma ya ga 0x2ba01477, to cip ɗinka kwaikwayo ne, irin su CS32F103. Ba asara ba ce. Sa "set CPUTAPID 0x2ba01477" a umarnin OpenOCD kafin a loda fayil ɗin target/stm32f1x.cfg, aiki ya ci gaba. Irin wannan maganin daga hannun masu amfani da allon ya fito, don wani ya riga ka cin karo da matsalar ya rubuta.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne fayil ɗin linker, wanda ke gaya wa GCC inda kowane abu zai zauna. Flash kilobayit 64 ce, tana farawa daga 0x08000000. RAM kilobayit 20, daga 0x20000000. Da zarar wuta ta zo, Cortex-M3, wato ƙwaƙwalwar cip ɗin, zai karanta kalmomi biyu (ƙimomi masu bit 32) na farkon teburin .isr_vector da ke farkon flash: ta farko saman stack (wurin ajiyar wucin gadi a RAM), wato 0x20005000 a wannan cip, ta biyu adireshin Reset_Handler, lambar da ke fara gudana. Matsalar ita ce babu wata lamba da ke kiran wannan teburi, don haka in ka sa --gc-sections, zaɓin da ke zubar da abin da ba a kira ba, linker zai ɗauke shi a matsayin shara ya yar. Babu gargaɗi ko ɗaya, fayil ya loda lafiya, allo ya yi tsit. Kalma ɗaya ce magani, a cikin fayil ɗin linker: KEEP(*(.isr_vector)). Don tabbatarwa, a GDB ka buga x/2xw 0x08000000 ka ga abin da ke wurin da idonka. A ganina amfanin buɗaɗɗun kayan nan ke nan, ba kyautar kuɗin ba.

Reset_Handler ma da nasa aikin kafin ya kira main: ya kwafo .data (variables masu ƙimar farko) daga flash zuwa RAM, ya cika .bss (waɗanda ke farawa da sifili) da sifili. In an tsallake wannan, ƙimomin farko za su zo da tarkace.

Fitilar allon tana PC13, kuma sifili ne ke kunna ta. Amma kafin ka taɓa rajistar GPIOC, mai sarrafa ƙafafun PC, sai ka kunna mata agogo a bit na 4 na RCC_APB2ENR, in ba haka ba duk abin da ka rubuta ya bi iska. In fitilar na ƙyaftawa a -O0 (GCC bai tace lamba ba) amma ta daina a -O2 (ya tace ta don sauri), kada ka zargi GCC. Madaukin jinkirinka ne ya share saboda ba ka sa volatile ba, kalmar da ke hana GCC share amfani da variable.

Wata rana za ka loda manhajar da ta mai da PA13 ko PA14 ƙafar aiki, ko ta sa cip barci nan take, OpenOCD ya daina ganinsa. Mayar da jamfar BOOT0, ɗan mahaɗin da ke kan allon, kan 1, danna reset, cip zai tashi daga bootloader, ƙaramar manhajar da masana'anta ta saka masa, maimakon manhajarka. Goge flash da umarnin OpenOCD "stm32f1x mass_erase 0", ka mayar da jamfar kan 0.