Jins ɗin Kantamanto da wuyan babbar riga

Ni tela ne a unguwar Nima ta birnin Accra, kuma kamar sauran telolin Zango, cinikina na sallah ne da na biki: kaftani, jamfa, babbar riga. Samarin unguwa ne suka jawo ni cikin wani aiki daban. Sukan shigo shago da hoto a waya, jaket da aka harhaɗa da ƙyallayen jins iri-iri, wata daga Faris, wata daga Tokiyo, su ce, "Maigida, za ka iya wannan?"

Abin da ake yayi ke nan yanzu a duniyar sutura da ta zane-zane: a ɗauki tsoho a sake masa rai, a bar facin a fili kowa ya gani. Japanawa suna da boro, tufafin talakawan arewacin ƙasarsu masu rinin shuni, waɗanda ake ta lafta wa faci har jika ya gada; yau a gidajen tarihi ake rataye su. Namu na gida ma suna kan gaba. El Anatsui, ɗan Anyako, da murafan kwalabe yake haɗa manyan labulen ƙarfe, har ya rataye su a babban zauren Tate Modern na Landan a 2023. Ibrahim Mahama na Tamale ya lulluɓe bango da tsofaffin buhunan koko a baje kolin Benis a 2015. Na ce in dai haka ne, kayan aiki suna nan kusa, mota ɗaya ce daga Nima.

Kantamanto nake nufi, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Ƙungiyar Or Foundation, wadda take aiki da 'yan kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ne suke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suna fita ne a matsayin shara. Wanda ya taɓa bi ta bakin tafkin Korle ko gaɓar teku a Jamestown ya ga inda suke ƙarewa. Dila ɗaya takan kai kilo 55, kuma 'yan matan kayayei, wato masu dako, su ne suke ɗaukarta a ka, yawancinsu 'yan arewa. Mai rumfa yana sayen dila ne a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke ɗaurin.

Da sassafe ake zuwa, lokacin da ake buɗe dila. Zaɓin farko ba nawa ba ne, na masu butik ne, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Ni na uku nake nema: wando mai yagaggiyar gwiwa, mai mataccen zif, wanda ya yi wa kowa yawa. Akwai wata Hajiya da take ware min su, ta ce, "Ɗana, ga naka can a buhu, amma ka duba da kyau, kayan bana ba irin na da ba ne."

Gaskiyarta. Abu mafi girma da na koya a wannan aiki shi ne yadi ke yanke hukunci, ba hannun tela ba. Jins na auduga zalla, mai nauyi, ko ya shekara ashirin yana karɓar allura, kuma koɗewar da ya yi ado ce. Amma yawancin abin da ke zuwa yanzu an cakuɗa shi da roba don ya riƙa talewa. Irin wannan in ka haɗa shi da na auduga, wanki biyu ɗinkin zai tattare, gefe ɗaya ya ja, ɗaya ya saki. Nakan ja ƙafar wando da hannu biyu. In ta miƙe ta dawo, na ajiye. In ina shakka sai in zare ɗan zare in kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi baƙin ƙullutu mai tauri.

Sauran aikin haƙuri ne. A wanke, a shanya, a farke ɗinki da reza a hankali, a goge. Jaket ɗaya takan ci wando uku ko huɗu, kuma dole kowane ƙyalle ya bi tsayin zarensa, in ba haka ba riga za ta karkace a jiki. Inda ninki huɗu ya haɗu nakan buga shi da guduma kafin keke ya hau, da allura mai lamba 18.

Sai dai jaket ɗin faci kowa na yi, daga Kantamanto har Landan. Abin da ya bambanta nawa daga wurin wani dattijo ya fito, mai aikin hannu a Mamobi, wanda ya koya a wajen mahaifinsa. Na kai masa wata babbar riga ta saƙi da asu ya cinye hannuwanta, amma aska takwas ɗin ƙirjinta tana nan garau, da tambarinta, da linzamin wuya. Na ce ina so in yanke aikin in ɗora a bayan jaket. Ya daɗe yana shafa zaren da yatsa, sannan ya ce, "Yaro, wannan wata uku wani ya yi a kanta. In za ka yanka, ka bar yatsa biyu a kewaye, ka yi mata shafi a baya, kuma kada keke ya taɓa ta." Shi ya ɗora ta da hannu. Farin zare a kan shuɗin jins ya zauna kamar don shi aka yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ya kuma kafa min sharaɗi, na riƙe har yau: rigar da za ta iya zuwa masallacin Juma'a ba a yanka ta, kuma rigar mamaci sai da yardar magada. Daga baya na ji yadda Ibrahim Mahama ya yi a 2024, sa'ad da ya rufe ginin Barbican na Landan da yadin da aka ɗinka da hannu a filin wasa na Tamale, ɗauke da batakari, rigunan saƙi na arewacin Ghana, kimanin ɗari. Ta hanyar musaya ya karɓo su daga iyalai. Ni ma haka nake yi, in ɗinka wa gida sabon kaftani su ba ni tsohuwar da ta mutu. Wasu sukan ƙi, kuma ina ganin girmansu a kan haka.

Farashi ya fi komai wahalar da ni. Ɗan unguwa zai ce, "Ai gwanjo ne, me ya sa ya fi sabo tsada?" Sai in lissafa masa: kuɗin Hajiya, na mai dako, na wanki, kwanakin farka, da ladan Baba, dattijon nan na Mamobi, wanda nake biya kafin in cire nawa. Baƙin da suke zuwa bikin zane-zane na Chale Wote a watan Agusta, da yaranmu mazauna Amurka da Jamus da suke dawowa hutun Disamba, ba sa ja. Amma ba na son rigar da aka haifa a Zango ta gagari ɗan Zango, don haka nake yin marasa aiki a farashin da matashi zai iya.

Bayan gobarar da ta cinye fiye da rabin Kantamanto a farkon Janairun 2025, Hajiya ta rasa rumfa da jari, ta sake tashi da bashi. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga manyan kamfanoni suna tallan kayan sake-ɗinki, alhali su ne suke ɗinka abin da ba ya jure wanki goma. Ya kamata su biya kuɗin kwashe sharar nan, kuma kuɗin ya iso Accra, ga masu rumfa da masu dako. Abin da duk telolin birnin nan za su ceto bai kai cikin cokali ba. Guntayen audugar da suka rage min wani baduku nake ba, yana cusa su a tumtum. Masu robar kuwa har yanzu buhu biyu suna ƙarƙashin teburina, ban sami wanda zai karɓa ba.